Alkawarin Bayarwa da Muka Yi Kafin Aure, Yanzu Kuma Hannu Ya Yi Ƙunci

Sabon_Magidanci:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau wata damuwa ta tilasta mini buɗe baki. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da aurenmu. Tun kafin auren, ni da matata muka durƙusa muka yi wa Ubangiji alkawari cewa za mu riƙa fitar da kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya shigo hannunmu, kuma za mu ɗauki nauyin karatun wata yarinya marainiya da muka sani. Wata tara muka yi muna cika alkawarin cikin sauƙi. Wata biyar da suka wuce aka rage ma'aikata a inda nake aiki, sunana kuma yana cikin waɗanda aka sallama. Yanzu da ɗan albashin matata muke rayuwa, tana da ciki wata shida, lokacin biyan haya yana ƙaratowa, sannan akwai bashin wani abokina a kaina wanda wa'adinsa ya riga ya wuce.

Mun lallaɓa mun ci gaba da bayarwa har watan jiya. Ranar da albashinta ya shigo, na tarar da ita zaune a bakin gado ta riga ta ware zakka ta sa a ambulan, ta rubuta sunan yarinyar a bayan wani ambulan ɗin, abin da ya rage a tafin hannunta kuwa na san ba zai kai mu tsakiyar wata ba. Na ce mata mu dakata tukuna har in sami aiki. Ba ta ja da ni ba, ta dai dube ni ta ce, "Maigida, da wane baki za mu gaya wa Allah mun fasa?" Yau kwana goma sha ɗaya ambulan biyun suna cikin aljihun tebur, ba mu kai ba, ba mu kuma taɓa ba.

Tambayata ita ce: idan na dakatar da bayarwar nan har hali ya gyaru, rashin bangaskiya ne, ko kuwa hankali ne da Allah da kansa ya ba ni? Ina roƙon waɗanda suka riga mu a wannan tafiya su ba ni shawara.

Bege_Mai_Rai:
Ɗan'uwa, Ubangiji ya ba ka mace ta gari, ka saurare ta. Malakai 3:10 ya ce a kawo dukan zakka cikin ɗakin ajiya, kuma a wurin ne Allah da kansa ya ce a gwada shi a gani ko ba zai buɗe tagogin sama ba. Gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17 ba ta da komai sai ɗan gari a tukunya da ɗan mai a tulu, tana tsintar itace don ta dafa abincinsu na ƙarshe ita da ɗanta, duk da haka ta fara yi wa Iliya nasa, kuma garin bai ƙare ba, man bai kasa ba har aka yi ruwa. Ni na yi shekara biyu ba aikin yi tsayayye, ban taɓa riƙe zakkata ba, kuma ban kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Lokacin ƙunci ne ake gane mai bangaskiya. Ka kai ambulan ɗin ranar Lahadi.

Dattijo_Mai_Ritaya:
Ɗana Sabon_Magidanci, Allah ya buɗe maka ƙofa, ya kuma sauki iyalinka lafiya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aurena, kuma sau uku na shiga irin halin da kake ciki, saboda haka ba daga littafi kaɗai nake magana ba.

Ina girmama shaidar Bege_Mai_Rai, amma akwai wani aure da ya fi kama da naku wanda ba a cika tuna shi ba idan ana wa'azin bayarwa. Ka buɗe Luka 2:24. Da Yusufu da Maryamu suka kawo jaririn Yesu Haikali, hadayar da suka miƙa ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Ka koma Littafin Firistoci 12, za ka ga abin da Shari'a ta nema daga macen da ta haihu shi ne ɗan rago bana ɗaya tare da tsuntsu guda, sai aya ta 8 ta ce idan ba ta da halin rago ta kawo tsuntsaye biyu. Ke nan iyayen Ubangijinmu hadayar matalauta suka kawo. Ba su ci bashi don su sayi rago ba, ba su kuma fasa zuwa ba. Suka zo da abin da ƙarfinsu ya kai, Allah ya karɓa, Luka kuma ya rubuta shi ba tare da wata alamar gazawa ba.

Bulus ma haka ya faɗa a 2 Korantiyawa 8:12, cewa in dai niyyar tana nan, ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba gwargwadon abin da ba shi da shi ba. Shi ya sa nake ganin ka matse tambayar da yawa. Kana tambaya ko ka bayar duka ko ka daina duka, alhali akwai fili mai faɗi a tsakani.

Mai_Jinya:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne cikin wata shida. Ɗan'uwa, a watanni ukun ƙarshe ne jariri yake ƙara yawancin nauyinsa, mace kuma tana bukatar abinci mai gina jiki, da maganin ƙarin jini, da zuwa awon ciki a kan lokaci, ban da tanadin ranar haihuwa wadda ba wanda ya san yadda za ta zo. Na sha ganin mata masu tsoron Allah da suka tsallake awo saboda babu kuɗi, ba su kuma gaya wa kowa ba sai da abin ya yi tsanani. 1 Timoti 5:8 ya ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya yi musun bangaskiya. Wannan ma aya ce, kuma nauyinta bai gaza na Malakai ba. Matarka za ta iya hana kanta saboda Allah, amma jaririn da ke cikinta ba a yi shawara da shi ba.

Ma'ajin_Ikilisiya:
Na riƙe littafin kuɗin ikilisiya shekara tara, kuma zan taɓa wani gefe da kowa ya tsallake, wato abokin da yake bin ɗan'uwanmu bashi. Ɗan'uwa, kuɗin da wa'adin biyansa ya wuce ba naka ba ne, na mai shi ne da ke hannunka. Zabura 37:21 ta haɗa abu biyun a aya ɗaya: mugu yakan ci bashi ya ƙi biya, adali kuwa yakan yi alheri ya bayar. Romawa 13:8 ta ce kada hakkin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna. A 2 Sarakuna 4 kuma, da Allah ya yawaita man matar nan da mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu, abin da Elisha ya ce mata shi ne ta je ta sayar da man ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci sauran. Bai ce ta fara kawo masa rabonsa ba.

Ban ce duk mai bashi ya daina baiko ba, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da nake cewa shi ne ka je wurin abokin nan da ƙafarka, ka gaya masa halin da ake ciki, ku tsayar da abin da za ka riƙa ba shi kowane wata ko da kaɗan ne. Idan yana ganinka kana sa ambulan a majami'a alhali kana kauce wa kiransa, sunan Almasihu ne zai sha zagi a bakinsa.

Bege_Mai_Rai:
Baba Dattijo, da girmamawa nake faɗa, hadayar tsarkakewa daban, zakka daban. Zakka ba ta nauyaya wa talaka fiye da mai arziki, tunda kowa kashi ɗaya cikin goma ne. Ibrahim ya ba Malkisadik zakka a Farawa 14 tun kafin a ba da Shari'a, kuma a Matiyu 23:23 Yesu bai soke ta ba, cewa ya yi a yi shari'a da jinƙai da aminci ba tare da an bar ɗayan ba. Tsorona shi ne, wanda ya ce zai dakata har hali ya gyaru, sau da yawa ba ya dawowa ko da halin ya gyaru.

Ɗalibin_Tauhidi:
Bege_Mai_Rai, gaskiya ne Ibrahim ya ba da zakka, amma daga ganimar yaƙi ne, kamar yadda Ibraniyawa 7:4 ta bayyana, kuma sau ɗaya aka rubuta ya yi hakan. Maganar cewa kashi ɗaya cikin goma nauyi ɗaya ne a kan kowa ita ce ban yarda da ita ba. Mai wadata idan ya fitar da ushirinsa daga rarar dukiyarsa ya fitar, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kuwa daga abincin gidansa ya yanko.

Ya kamata kuma mu duba inda zakkar take zuwa a cikin Shari'ar Musa. Littafin Ƙidaya 18:21 ya ba Lawiyawa ita domin ba su da gādon ƙasa. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce a ƙarshen kowace shekara uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Wato an tsara ta ne don a riƙe waɗanda ba su da madogara. A wasiƙun manzanni kuwa ba a ƙayyade wa ikilisiya wani kaso ba. 1 Korantiyawa 16:2 ta ce kowa ya riƙa ajiye wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Da aka yi yunwa a zamanin Kalaudiyas sarkin Roma, masu bi na Antakiya suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya da gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 11:29. Mai da zakka dokar ikilisiya mai hukunci ya zo ne daga baya. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Makon, cikin ƙasar Faransa ta yau, a shekarar 585, ta zartar da cewa a fitar da wanda ya ƙi biya daga zumunci.

Ba ina raina zakka ba ne. Ni ma ina fitarwa, kuma ina ganinta ma'auni mai kyau da ke hana zuciya maƙalewa da kuɗi. Amma ba zan iya gaya wa wannan ɗan'uwa cewa la'anar da Malakai ya ambata a kan masu riƙe zakka tana kansa ba, alhali Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a.

Maman_Tagwaye:
Kun shiga zurfin tauhidi kun bar baiwar Allah zaune a bakin gado. Ɗana, ka sake karanta abin da matarka ta faɗa. Ba ta ce Allah zai ninka muku ba, ba ta kuma ce za a la'anta ku ba. Maganar alkawari ta yi, alkawari kuwa kaya ne. Tana ganin ku biyu kuka durƙusa kuka faɗi magana, kuma watakila a ranta tana tunanin cewa idan wannan alkawari ya karye saboda wahala, wanne ne ba zai karye ba? Mace mai ciki da mijinta ya rasa aiki tana neman abin da bai motsa ba a rayuwarta, ta kama shi da hannu biyu. Na san haka domin na yi shi.

Kada ka buɗe ambulan ɗin nan a bayan idonta, kada kuma ka kai shi majami'a kana jin haushinta a zuci. 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a ransa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, domin Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai. A gidan aure niyyar ta mutum biyu ce. Shirun kwana goma sha ɗaya da ke tsakaninku ya fi ba ni tsoro a kan kuɗin haya.

Mai_Bin_Sawu:
Mama ta faɗi gaskiya. Amma Mai Hadishi 5:4-5 ya ce idan ka yi wa Allah wa'adi kada ka yi jinkirin cikawa, gara ma kada ka yi da ka yi ka ƙi cikawa. Yaya za a yi da wannan?

Dattijo_Mai_Ritaya:
Tambaya ce mai kyau, kuma Shari'ar da kanta ta hango ta. Littafin Firistoci 27 yana magana a kan wa'adin da mutum ya yi wanda ake biyan ƙimarsa da azurfa, ya jera adadin da za a biya, sai aya ta 8 ta ce idan mutumin ya talauce har ba zai iya biya ba, a kawo shi gaban firist, firist ya ƙimanta masa gwargwadon ƙarfinsa. Ku lura da abu biyu. Ba a ce wa'adin ya faɗi ba, ba a kuma bar mutumin ya rage wa kansa a ɓoye ba. Fitowa yake yi gaban wani ya faɗi halinsa. Na san ba a ƙarƙashin wannan tsari muke ba, amma halin Allah da ya bayyana a ciki bai sauya ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so in tambaye ka, ɗana: fastonku ko wani daga cikin dattawa ya san ka rasa aiki?

Sabon_Magidanci:
Baba, gaskiya ba wanda ya sani a ikilisiya. Kowace Lahadi nakan goge takalmina in sa rigar da nake zuwa aiki da ita, idan an tambaye ni yaya aiki in ce da godiya. Mu ne ake nunawa a matsayin sababbin ma'aurata masu himma, kuma ban san yadda zan tsaya in ce ni ne mai bukata ba.

Wanda_Ya_Tashi:
Ban so in yi magana ba, amma tunda an kawo gwauruwar Zarefat, ya zama dole. Shekara bakwai da suka wuce ina cikin hali irin naka, yaronmu na fari yana da wata huɗu. A wani taron farkawa mai wa'azi ya ce duk wanda ya shuka iri mai zafi, wato abin da zai ji ciwon bayarwa, zai ga buɗi cikin kwana ashirin da ɗaya. Na ɗauki kuɗin hayar da muka yi wata takwas muna tarawa na kai gaba, ban gaya wa matata ba. Kwana ashirin da ɗayan suka cika, wasu suka biyo baya, aka fitar da mu daga gidan. Ina tuna matata tsaye a ƙofa da yaron a kafaɗa, tana kallon katifarmu jingine da bango a waje, ba ta ce mini komai ba. Shekara biyu na yi ban taka majami'a ba, domin a ganina na cika nawa, Allah bai cika nasa ba.

Da na dawo na sake karanta labarin sai na ga abin da na tsallake. Allah ne ya aiki Iliya wurin wannan mace da sunan garinta, ya kuma ba ta tabbataccen alkawari ta bakin annabinsa. Yesu da kansa ya ce a Luka 4 akwai gwauraye da yawa a Isra'ila a lokacin, amma ba a aiki Iliya wurin ko ɗayarsu ba sai ita. Ni ba bayarwa na yi ba, ciniki na yi da Allah, kuma shi bai taɓa sa hannu a cinikin ba. Bege_Mai_Rai, ban musa shaidarki ba, na yi murna da Ubangiji ya riƙe ki. Amma a wannan zaure akwai masu karatu da suka bayar da aminci suka kuma kwana da yunwa, kada mu sa su ɗauka bangaskiyarsu ce ta gaza.

Bege_Mai_Rai:
Ɗan'uwa Wanda_Ya_Tashi, labarinka ya taɓa ni ƙwarai, kuma abin da mai wa'azin nan ya yi ba daidai ba ne. Ni ban taɓa sa wa Allah kwanaki ba. Amma har yanzu ina tsaye a kan cewa akwai bayarwar da ta wuce lissafi, kuma Ubangiji ya yaba mata. Gwauruwar Markus 12 anini biyu ne da ita, ta zuba duka, ba ta riƙe ko ɗaya ba. Ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, duk da haka Bulus ya shaida cewa sun bayar har fiye da ƙarfinsu, suna ma roƙo a bar su su sa hannu. Ku tuna kuma da Joj Mula, Bajamushen nan da ya riƙe gidajen marayu a Biristol ta Ingila. A shekarar 1830, shekarar da ya yi aure, ya bar karɓar albashin da ikilisiya take ba shi ya dogara ga Allah kaɗai, kafin rasuwarsa a 1898 kuma marayu fiye da 10,000 sun bi ta hannunsa. Da lissafi ya tsaya yi, da ba mu ji sunansa ba.

Ma'ajin_Ikilisiya:
'Yar'uwa, misalin Mula yana goyon bayana fiye da yadda kike zato. An san shi da ƙin cin bashi sam, bai fara gini ba sai kuɗin yana hannu, kuma yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita yana fitar da rahoto. Matarsa ma ta yarda da matakin da suka ɗauka. Bangaskiyarsa ba ta hana shi lissafi ba. Mutanen Makidoniya kuwa, Bulus ya ce da yardar kansu suka yi, ba wanda ya ɗora musu.

Ɗalibin_Tauhidi:
A kan anini biyu, a karanta Markus 12:40, ayar da ke gab da labarin, inda Yesu ya tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye. Wasu masana suna ganin akwai baƙin ciki a maganarsa game da tsarin da ya bar mace irin wannan hannu wofi. Ni ina ganin yabon na gaske ne, ya ce ta fi kowa bayarwa. Amma abin da ya koyar shi ne yadda Allah yake auna baiko, wato da abin da ya rage a hannun mai bayarwa. Idan haka ne, ɗan abin da wannan gida zai iya fitarwa yanzu zai iya fin na watanni taran baya nauyi a gaban Allah, ko da bai kai ushiri ba.

Malamar_Firamare:
Muna ta magana a kan ambulan na farko, ba wanda ya tambayi na biyu. Idan zakkar ma'aurata ɗaya ta ragu na 'yan watanni, ikilisiya ba za ta rufe ba. Idan kuɗin makarantar yarinyar nan ya tsaya kuwa, za a kira sunanta a gaban aji a ce ta koma gida. Na sha ganin yadda yaro yake tattara littattafansa a irin wannan rana, yana sa su cikin jaka a hankali kansa a sunkuye, da yawansu kuma ba su dawowa. Yakubu 1:27 ya ce addini tsattsarka a gaban Allah shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. In dai sai an zaɓa, ni zan riƙe na yarinyar. In kuma ba za ku iya duka ba, kada ku yanke shiru. Ku nemi gida biyu ko uku su raba nauyin da ku, ku kuma sanar da mai riƙonta tun kafin zangon karatu ya zo, domin ya san inda zai nufa.

Mai_Bin_Sawu:
Ban yarda a karkatar da zakka zuwa wani wuri ba, ko da wurin mai kyau ne. Na Allah na Allah ne, taimakon marainiya kuma ƙari ne a kai. Idan kowa ya zaɓi inda zai kai tasa, da me za a riƙe masu hidima?

Mai_Jinya:
Wannan damuwa tana da tushe, domin 1 Korantiyawa 9:14 ta ce masu shelar bishara su ci abinci ta hanyar bishara. Amma ka duba Markus 7:11-13, inda Yesu ya tsauta wa waɗanda suke cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi ya zama Korban, wato keɓaɓɓe ga Allah, su bar iyayen cikin rashi. Bai yarda a fake da sunan Allah a tauye hakkin wanda yake wuyanka ba.

Maman_Tagwaye:
Ɗana, amsar da ka ba Baba Dattijo ce ta hana ni barci jiya. Wata biyar kana goge takalmi kana cewa da godiya. Kana so ka ci gaba da zama mai bayarwa, amma ka rufe ƙofa kada kowa ya ba ka. Ka karanta 2 Korantiyawa 8:13-14: Bulus ya ce ba nufinsa a sauƙaƙa wa waɗansu a nawaita muku ba, sai dai a sami daidaito, yalwarku ta yanzu ta biya bukatarsu, domin wata rana yalwarsu ta biya taku. Wata tara yalwarku tana biyan bukatar wasu. Yanzu juyin ya zo kanku, kuma a cikin ikilisiyarku akwai wanda Allah ya ba shi a wannan wata domin ku, kana hana shi yin nasa aikin. Watakila ma akwai wanda ya san inda ake neman ma'aikaci irinka, amma yaya zai faɗa maka alhali kowace Lahadi kana ce masa aiki lafiya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lokacin da mijina ya kwanta ciwo, ba ni da abin sa wa a baiko na kusan shekara. Nakan zo da sassafe ranar Asabar in share majami'a, ina kuma zama da wata tsohuwa mai ciwon ƙafa kwana biyu a mako. Ban ɗauke shi madadin kuɗi ba, amma ya hana zuciyata rufewa, kuma da hali ya dawo ban sha wahalar komawa ga bayarwa ba. Wannan ita ce amsata ga tsoron da Bege_Mai_Rai ta ambata.

Sabon_Magidanci:
Na gode muku duka, iyaye da 'yan'uwa. Daren jiya na miƙa wa matata wayar ta karanta daga farko har ƙarshe, ta daɗe a kan rubutun Wanda_Ya_Tashi, sannan muka fito da ambulan biyun muka ajiye a kan gado. Na yarinyar mun amince za mu kai gobe yadda yake, kuma zan nemi wani ɗan'uwa ya raba zango mai zuwa da mu. Na kira abokina, za mu haɗu ranar Juma'a. Kuɗin awon cikinta mun ware shi dabam, mun yarda ba za a taɓa shi ba.

A kan zakka kuwa ba mu daidaita ba tukuna. Ni ina ganin mu fitar da abin da za mu iya kowane mako har in sami aiki. Ita ta ce albashin sunanta ne a kai, lamirinta kuma bai sake ta ba, ko da yake ta yarda cewa ba tsoron la'ana ne yake riƙe da ita ba. Ban tilasta mata ba, ita ma ba ta tilasta mini ba. Mun yi shawara mu je tare wurin ɗaya daga cikin dattawanmu bayan sujada ranar Lahadi, mu faɗa masa komai, har da maganar aikin. Wannan ne ya fi yi mini nauyi, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.

Dattijo_Mai_Ritaya:
Ka fara da cewa, "Baba, wata biyar ke nan ba ni da aiki." Sauran zai biyo baya. Ka bar ta ita ma ta faɗi nata da bakinta, kada ka faɗa a madadinta.

Bege_Mai_Rai:
Ni har yanzu ina tare da matarka a kan zakkar, amma zan riƙa ambaton ku cikin addu'a. Ka rubuta mana irin aikin da ka iya da shekarun da ka yi kana yinsa, ba sai ka sa suna ba, ko akwai wanda zai ji labarin wani gurbi.